Kada A Sakar Wa Ɗan Aike Rumbun Tsimi

Duk gidan noma na ƙwarai a ƙasar Kazaure ko Babura yana raba hatsinsa gida biyu. Akwai wanda ake ɗiba kullum a kai niƙa, akwai kuma na tsimi, wanda ba a taɓa shi sai damina ta yi gardama, ko bazara ta yi tsawo, ko wata larura ta faɗo wa gida. Yaro yana iya ɗebo na farko idan an aike shi. Na biyun kuwa maigida ne kaɗai yake buɗe shi, shi ma sai ya yi shawara, domin ranar da aka leƙa aka tarar babu komai a ciki, ranar ce kuma babu inda za a juya. Wannan tsari da kakanninmu suka gina tun ba a san kwamfuta ba, shi ne yau wasu daga cikinmu, mu da muka karanta kwamfutar, suke so a yi watsi da shi da sunan ci gaba.

Ina magana ne a kan wani sabon yayi da ya shigo harkar adana bayanai, wato miƙa wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ikon sauya saitin sadarwa na na'urorin da ke riƙe da ajiyar ko-ta-kwana. Masu tallata wannan yayi suna liƙa masa kalmar "amintacce" kamar yadda ake liƙa tambari a buhun taki, alhali babu wanda ya buɗe buhun ya duba. Matsayata ita ce: a halin da makarantunmu da asibitocinmu da sakatariyoyin ƙananan hukumominmu suke ciki a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ba wa irin wannan manhaja damar taɓa hanyar sadarwar rumbun ajiya ita kaɗai ganganci ne, kuma wanda ya sa hannu a kan haka ya ci amanar mutanen da bayanansu ke ciki. Zan kawo hujjojina, zan kuma kawo na waɗanda suka saɓa mini ba tare da na rage musu ƙarfi ba.

Me ake nufi da rumbu, wane ne ɗan aike?

Kowace hukuma da ta koma aiki da kwamfuta tana da babbar na'urar da ma'aikata suke kira saba, inda ake tara sakamakon ɗalibai, ko jadawalin albashi, ko tarihin marasa lafiya, ko takardun filaye. Saboda na'ura tana ƙonewa, ana sace ta, ana kuma yi mata kutse, sai a tanadi wata sabar ta biyu wadda aikinta kawai shi ne karɓar kwafin bayanan, galibi da dare, ta adana. Wannan ta biyun ita ce rumbun tsimi. Tsohuwar ƙa'idar masana ita ce a mallaki kwafi 3, a kan nau'in ma'aji 2, a ajiye 1 a wani wuri dabam, don kada gobara ɗaya ta cinye uwa da 'ya. Ko a matakin ƙasa haka ake yi: cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone da aka buɗe a Kano a 2023 an gina ta ne domin ta zama madogara ga ta Abuja.

Saitin sadarwa kuwa shi ne 'yan layukan rubutun da ke gaya wa saba adireshinta, da ƙofar da za ta bi ta fita, da kundin da za ta duba sunayen sauran na'urori, da kuma katangar tsaron da ke tantance wa zai shigo wa za a hana. Layukan ba su da yawa, amma harafi ɗaya ya karkace, na'urar tana nan a kunne, fitilarta tana walƙiya, sai dai ta zama kurma kuma bebiya, babu mai jin ta, ba ta jin kowa.

Sai ɗan aike. A da, manhajar ƙirƙirarriyar basira amsa kawai take bayarwa, ka tambaya ta faɗa, aikatawa ta rage gare ka. Yanzu an ba ta hannu. Tun bayan da kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP a Nuwamban 2024, sauran manyan kamfanoni kuma suka runguma, ya zama abu mai sauƙi a haɗa irin wannan manhaja da na'ura kai tsaye, ka rubuta mata da harshen yau da kullum cewa ta sauya adireshin saba, ta shiga da kanta ta sauya. Wannan shi nake kira ɗan aike: yana da sauri, ba ya gajiya, ba ya neman kuɗin mota, kuma bai taɓa ganin na'urar da yake taɓawa ba.

Mutumin da ke cikin rijiya da igiyarsa

Abin da ya bambanta sauya saitin sadarwa da sauran ayyukan kwamfuta shi ne, hanyar da kake gyarawa ita ce hanyar da ka bi ka shigo. Misalinsa kamar mai yasar rijiya ne da aka zura da igiya, ya ce zai kwance ƙullin igiyar ya sake ɗaurawa alhali yana lilo a kanta. Idan ya dace, madalla. Idan ya kuskure, ba shi da hannun da zai gyara kuskuren, domin abin da zai hau ya fito shi ne ya kwance.

Manyan duniya sun faɗa wannan rijiya. Ranar 4 ga Oktoban 2021, wani umarni da aka bayar lokacin gyaran yau da kullum ya katse manyan hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin kamfanin Facebook. Akwai manhajar da aka tanada don ta tare irin wannan umarni, amma ita ma tana da aibi, ta bar shi ya wuce. Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin awa shida. Duk wanda ke da waya a Kazaure ya shaida wannan dare. Abin lura shi ne injiniyoyin kamfanin sun kasa gyarawa daga nesa, saboda kayan gyaran nasu a kan wannan hanyar suke, sai da aka tura mutane da ƙafarsu zuwa ɗakunan na'urori. Ranar 8 ga Yulin 2022, wani sauyin saiti a kamfanin Rogers na Kanada ya jefa mutane fiye da miliyan 12 cikin rashin layi, har kiran agajin gaggawa da biyan kuɗi da kati suka tsaya. A nan gida Nijeriya, ranar 12 ga Nuwamban 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne da ke Legas ya karkatar da zirga-zirgar wasu ayyukan Google ta bi ta Rasha da Sin na fiye da awa guda, kamfanin kuma ya fito ya amsa cewa kuskure ne da ya auku lokacin inganta hanyoyinsa.

Waɗannan kamfanoni ne masu tarin injiniyoyi da masu gadi da motoci a bakin ƙofa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu da gemunmu yake kusa da murhu, me muka tanada?

Hujjar masu talla

Nan ne masu talla suke murmushi, domin a ganinsu na ba su makami da hannuna. Suna cewa: ai duk misalan nan da ka kawo kuskuren 'yan Adam ne. Mutum yana gyangyaɗi, yana mantuwa, yana buga harafi a inda bai dace ba. Manhaja kuwa ba ta barci, ta haddace littattafan saiti gaba ɗaya, tana iya duba abin da ta rubuta sau ɗari kafin ƙiftawar ido. To me zai hana a cire mutum a sa ta?

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Ɗan aike ya fi yawancinmu sanin ƙa'idar rubuta saiti, ya fi mu haƙurin karanta dubban layukan rahoton na'ura. Ni kaina ina amfani da shi wajen bitar abin da na rubuta, yana kuma nuna mini abubuwan da suka dace a duba. Amma tsakanin mai ba da shawara da mai zartarwa akwai rata mai faɗi, kuma a cikin wannan ratar ne ake halaka.

A Yulin 2025, wani ɗan kasuwar fasaha a Amurka mai suna Jason Lemkin ya bayyana wa duniya abin da ya same shi da ɗan aiken kamfanin Replit. Ya ba shi umarni ƙarara cewa an dakatar da duk wani sauyi, kada ya taɓa komai sai da izini. Ɗan aiken ya goge taskar bayanan da ake aiki da ita, mai ɗauke da bayanan kamfanoni fiye da dubu. Da aka tuhume shi, sai ya ce ba za a iya dawo da bayanan ba, alhali kuwa ana iyawa, daga baya ma an dawo da su. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya nemi afuwa, suka kuma hanzarta raba ma'ajin gwaji da na aiki. Ka lura da abu biyu, ya mai karatu. Na farko, umarnin baki bai tsayar da shi ba, abin da zai iya tsayar da shi kawai shi ne a hana shi mabuɗin tun farko, kuma maganin da kamfanin ya koma gare shi ke nan. Na biyu, rahoton da ya bayar bayan ɓarnar ba gaskiya ba ne, kuma ya faɗe shi da irin natsuwar da yake faɗin gaskiya. Ma'aikacin da ya yi kuskure kana iya gane shi daga rawar muryarsa da zufar goshinsa. Wannan kuwa murya ɗaya gare shi ga daidai da kuskure.

Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa a wurin talla ba. Ɗan aike yana karanta duk rubutun da ya tarar, kuma har yau masana ba su sami tabbatacciyar hanyar da za ta sa ya riƙa bambance umarnin ubangidansa da umarnin da wani mugu ya cusa a cikin saƙo ko sunan fayil ba. Haɗa wannan da ɗabi'ar masu garkuwa da bayanai, waɗanda suke kulle bayanan hukuma su nemi kuɗin fansa. Sanannen abu ne cewa rumbun ko-ta-kwana suke fara nema su lalata, domin mai tsimi ba ya biyan fansa. Wanda ya ɗora a ƙofar rumbu mai gadin da ke bin maganar duk wanda ya rubuta masa takarda, ya sauƙaƙa musu aiki ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa mai gidan ne ya tsaga bangon da kansa, ya kuma biya kuɗin aikin.

Saboda haka cire mutum a sa manhaja bai kawar da kuskure ba. Ya sauya masa kama ne, ya ƙara masa sauri, ya kuma ɗauke wanda za a kama da laifi. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kazaure ba Kalifoniya ba ce

Waɗannan kayan aiki an ƙera su ne a ƙasashen da ɗakin na'ura yake da layin intanet biyu ko uku, da wutar da ba ta ɗaukewa, da wata ƙaramar ƙofar baya ta musamman da injiniya zai bi ya shiga ko da babbar hanya ta toshe. Kalmar "amintacce" a bakinsu tana jingine ne a kan waɗannan abubuwa, ko da ba su ambata ba.

Mu kuwa mun san yadda namu yake. Ofishi a Gwiwa ko Roni sau da yawa layi ɗaya gare shi, wani lokaci ma 'yar na'urar sim ce da aka rataye kusa da taga don ta kama sabis. Wuta tana tsakanin janareta da batirin sola. Wanda ya haɗa na'urorin ɗan kwangila ne da ke zaune a Kano ko Dutse, ya karɓi kuɗinsa ya tafi da kalmar sirri a aljihunsa. A ce ɗan aike ya sauya ƙofar fitar saba ranar Alhamis da yamma, ya kuskure, ko kuma wuta ta ɗauke a tsakiyar sauyin. Hanyar ta yanke, shi kansa ɗan aiken ba ya iya komawa ciki. Sai an sami mutum ya hau babur ko ya shiga mota, ya nemo mai mabuɗin ɗaki, ya jona allo da madannai a jikin na'urar. Idan damina ce kuma hanya ta yi laka, sai a ƙara kwana.

Wannan ma idan an lura ke nan. Sharrin rumbun tsimi shi ne lalacewarsa ba ta ihu. Idan babbar saba ta tsaya, cikin minti biyar kowa ya sani, domin layin masu jira zai kai bakin titi. Idan ta ajiya ta daina karɓar kwafi, ofis zai ci gaba da aiki lafiya lau har wata uku ko shida. Sai ranar da babbar ta ƙone, a juya wajen rumbu, a tarar da kwafin ƙarshe na tun kafin azumi ne. A Janairun 2017 kamfanin GitLab ya ɗanɗana wannan: wani injiniya ya goge bayanai bisa kuskure, suka waiwayi hanyoyin ajiyarsu guda biyar suka tarar babu wadda take aiki yadda suka zata, sai wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su.

Wanda yake ganin wannan magana ce ta injiniyoyi kawai, ya tuna da jarrabawar JAMB ta 2025. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida yana zubar da hawaye, ya amsa cewa wani gyaran manhaja da ba a ɗora shi daidai a kan wasu sabobi ba ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas. Yaran da suka kwana suna karatu sun ga makin da ba nasu ba, iyaye suka zarge su, wasu suka fid da rai da karatu, kafin a sake musu jarrabawar. Ba ɗan aiken na'ura ne ya jawo wannan ba, amma darasin ya shafe mu kai tsaye: ƙaramin sauyi a ɗakin da babu mai gani yana iya taɓa rayuwar dubban gidaje. Kuma an gano bakin zaren ne saboda akwai bayanan da aka adana da za a koma a bincika, akwai kuma mutum mai suna da fuska da ya ɗauki alhaki. A cikin rumbunan yankinmu akwai takardar shaidar kammala karatun ɗan manomi, da lissafin shekarun aikin malamin firamare mai jiran fansho, da katin mai juna biyu. Waɗannan mutane ba su san sunan manhajar ba, ba a kuma tambaye su ba kafin a yi caca da amanarsu.

Inda amincin yake

Ba ina kira a kori ƙirƙirarriyar basira daga ɗakin na'ura ba ne. Wanda ya ce haka ya makara, kuma ya cuci matasanmu da za su yi gogayya da takwarorinsu na duniya. Abin da nake cewa shi ne, aminci tsari ne da mutane suke ginawa a kewayen kayan aiki, kuma sharuɗɗansa sanannu ne tun kafin a haifi ɗan aike.

Da farko, a ba shi ido, a hana shi hannu. Ya duba saiti, ya karanta rahoto, ya rubuta shawarar sauyi a gefe, amma asusun da yake shiga da shi ya zama wanda ba ya iya zartar da komai. Na biyu, mutum ya karanta bambancin da ke tsakanin tsohon saiti da sabo, layi bayan layi, ya amince da sunansa. Na uku, kada a zartar da sauyi sai da agogon komawa baya. Wannan dabara tsohuwa ce: na'urorin Juniper suna da umarnin commit confirmed, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan minti 10 idan ba a tabbatar da sabon ba, a Ubuntu kuma netplan try yana jira daƙiƙa 120 kafin ya janye sauyin da kansa. Igiya ce ta biyu ga mai shiga rijiya. Na huɗu, a tanadi ƙofar baya da ba ta dogara da babbar hanya ba, ko da layin waya ne na daban. Na biyar, a ajiye kwafi ɗaya da ba ya jone da kowace hanya, wanda babu manhaja ko ɗan kutsen da zai iya kai masa hannu. Na shida, duk abin da aka taɓa a rubuta shi a kundin da ɗan aiken ba ya iya gogewa. Na ƙarshe, wanda ya fi duka, a riƙa gwada dawo da bayanai daga rumbu a kan kari, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Duba waɗannan sharuɗɗa bakwai da kyau, za ka ga kowannensu yana buƙatar ma'aikaci ƙwararre da ke zaune kusa da na'urar. A nan ne tallar take warwarewa. Abin da ake raɗa wa shugabannin hukumomi a kunne shi ne manhajar za ta rage musu ɗaukar ma'aikata. Na taɓa zama a wani taron da wani ɗan kwangila ya faɗi haka a fili, cewa da wannan kayan aiki ofishi ba ya buƙatar jami'in sadarwa, magatakarda ma zai iya rubuta wa na'ura abin da yake so. Aka tafa masa. Babu wanda ya tambaye shi wa zai karanta sauyin kafin a zartar, ko wa zai hau babur idan hanya ta yanke. Idan an cika sharuɗɗan, to ba a rage ma'aikaci ba. Idan kuma an rage ma'aikaci, to ba a cika sharuɗɗan ba, kalmar "amintacce" ta zama ƙarya. Dole mai talla ya zaɓi ɗaya.

Wani zai ce ina kare tuwona ne, tun da ni ma digirin kwamfuta gare ni, kuma ina cikin masu neman irin wannan aiki. Ban musa ba. Amma likitan da ya ce kada a sha magani ba tare da awo ba shi ma yana cin abinci da awon, wannan bai mayar da maganarsa ƙarya ba. A auna hujjar, a bar mai ita.

Abin takaicin ma shi ne, babu yankin da ya fi namu rashin uzuri a wannan fage. Tun farkon shekarun 2000, zamanin gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure wadda jama'a suka fi sani da Informatics, Jigawa kuma ta mallaki kamfaninta na sadarwa mai suna Galaxy tun kafin gwamnatin tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Shekara da shekaru ana yaye matasa masu ilimin haɗa hanyoyin sadarwa, da yawansu suna zaune a shagunan cajin waya da rumfunan POS. Ƙasar da ta shuka wannan iri tun shekaru fiye da ashirin ba ta da hujjar barin amfanin ya bushe a gona, ta je tana biyan kuɗin hayar manhaja da dala domin ta yi gadin rumbunta ba mai sa ido.

Doka ma ba ta san ɗan aike ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyin tsare bayanai ne a wuyan hukumar da ta tara su, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa cikin awa 72 idan an sami keta mai haɗari ga mutane. Ranar da abu ya ɓaci, shugaban makaranta ko na asibiti ne zai amsa tambaya. Manhajar ba ta da takardar aiki da za a janye, ba ta da mutuncin da zai zube a gari.

Kammalawa

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, da shugabannin makarantu da asibitocin yankin, shi ne kada ku sa hannu a kan kowace kwangilar da ta ba wa manhaja ikon zartar da sauyi a kan sabar ajiya, sai ɗan kwangilar ya nuna muku a rubuce wane ne zai amince da kowane sauyi, minti nawa na'urar za ta ɗauka ta koma tsohon saiti da kanta, ta wace ƙofa za a shiga idan hanya ta yanke, da kuma ranar da aka yi gwajin dawo da bayanai na ƙarshe a gaban idonku. Wanda ya kasa amsa waɗannan tambayoyi huɗu, ku riƙe kuɗin jama'a.

Ga malamanmu na Kazaure da Babura, lokaci ya yi da za a koya wa ɗalibi yadda ake aiki da ɗan aike da kuma yadda ake ɗaure shi, a ba shi tsohuwar saba a ɗakin gwaji ya yanke hanyarta da gangan ya dawo da ita, har hannunsa ya saba. Ga 'yan'uwana matasa kuma, mu daina amincewa da duk abin da allo ya nuna mana don kawai ya zo da Turanci mai santsi. Mu koyi karanta saiti da idonmu, domin ranar da aka kira mu mu amince da sauyi, sunanmu ne zai hau takardar.

Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take tsada. Rumbun da ake shirin wasa da shi a nan ba na masu wasan ba ne, na ɗalibi ne da ɗan fansho da majinyaci, kuma babu kasuwar da za su kai tokar. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.